Ɗana ya san siyasar Amurka, bai san wanda ya kawo bishara garinmu ba

Maman Yara, Kaduna:
Salama a gare ku iyayena da 'yan'uwa. Shawara nake nema a kan ɗana na fari. Shekararsa 23, yana ajin ƙarshe a jami'a a Jos. Tun bara ya faɗa karatun littattafan 'yan mazan jiya na Amurka, irin na gwanjo da ake shimfiɗawa a ƙasa wajen Taminus. Ko an ɗauke wuta sai ya haska fitilar waya ya kai ƙarfe biyun dare, yana ja wa layuka jan biro. Ban ƙi ba, gara haka da yawon banza, kuma yaro ne mai tsoron Ubangiji, ba ya fashin sujada.

Abin da ya tsaya mini a rai a hutun Ista ya faru. Muna cin tuwo yana ta zuba mana bayanin jam'iyyar Rifablikan, da haraji, da hukuncin da kotun ƙolin Amurka ta yanke a 2022 kan zubar da ciki. Sai kakarsa, surukata, ta ce, "To maigidan, wa ya kawo bishara garinmu?" Ya yi tsit. Tsohuwa ta tashi ta buɗe akwatin ƙarfenta, ta ciro Littafi Mai Tsarki na marigayi mijinta, naɗe cikin tsohon zane, bangon ya ɓalle, an rubuta ranar haihuwar kowane ɗa a shafin farko. Ya juya shi sau biyu, ya ce Hausar ta yi masa tsauri. Ba ta ce uffan ba, ta naɗe ta mayar. Ni ce na kwana ban runtsa ba.

Na kwashi adashi, na ware naira dubu 40. Waɗanne littattafai zan saya masa? Ba na son in raba shi da abin da yake so, amma ina son ya san daga inda ya fito.

Fasto mai ritaya, Zariya:
'Yata, ki kwantar da hankalinki, yaron da ke karatu har biyun dare bai ɓata ba. Ki fara nemo masa littafin E. P. T. Crampton na tarihin Kiristanci a Arewacin Najeriya, wanda ya fito a 1975. A ciki zai ga cewa a 1893 samari uku na ƙungiyar mishan ta SIM suka sauka Ikko, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, kuma a 1894 biyu suka rasu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Zai ga ɗan mishan Karl Kumm a Wase a 1904, da Likita Walter Miller da ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, kafin mishan ta koma Wusasa a 1929.

Amma abin da nake so ya tsaya a kai shi ne labarin Isawa. Malam Ibrahim malami ne a Kano a ƙarni na 19, wanda ya ɗaukaka Annabi Isa a cikin koyarwarsa tun kafin wani Bature mai bishara ya taka ƙasar Hausa. Aka kashe shi, almajiransa suka gudu wajen Ningi. Zuriyarsu ce ta zo ta sami Miller a 1913, aka zaunar da su a Gimi, har ciwon barci ya watsa ƙauyen. Duk lokacin da na ba matasa wannan labari sai su buɗe baki, don ba wanda ya taɓa gaya musu.

Littafin kakansa kuwa, in tsohon bugu ne, to fassarar 1932 ce, wadda Miller yana cikin waɗanda suka yi wahalarta. Hausar ba tsauri ta yi ba, harshensa ne ya yi nisa da gida. Ki sa shi ya riƙa karanta wa kakarsa Zabura ɗaya kowace yamma, ita ta riƙa gyara masa.

Ɗan Sabon Rai:
Mama, da girmamawa, kada a sa yaron ya ji kamar laifi ya yi. Ni ma ina karanta irin littattafan nan. Maganar aure da tarbiyyar iyali da ran ɗan da ke ciki da 'yancin yin sujada ba ta Amurka kaɗai ba ce, tamu ce. Ina laifin wanda ya koyi kare bangaskiyarsa da hujja?

Malamin tarihi, Bukuru:
Ɗan'uwa, ba wanda ya ce laifi ne. Matsalar ita ce yawancin na gwanjon nan littattafan lokacin zaɓe ne, an rubuta su don a kayar da wani ɗan takara, zaɓe na wucewa sun zama takardar ƙunshe ƙosai. In ra'ayin riƙau yake so da gaske, Hajiya... afuwa, Mama, a kai shi tushe. Edmund Burke, ɗan majalisar Ingila haifaffen Ailan, ya rubuta littafinsa kan juyin juya halin Faransa a 1790. Gundarin maganarsa shi ne al'umma amana ce tsakanin waɗanda suka rasu, da masu rai, da waɗanda ba a haifa ba tukuna, don haka ba a rushe abin da aka gada da gaggawa. Kuma wannan Burke ɗin ya shafe shekaru yana tuhumar Warren Hastings, tsohon gwamnan Turawa a Indiya, a majalisa kan zaluncin da aka yi wa mutanen Indiya. Yaron da ya fahimci wannan, da ƙafarsa zai koma wajen akwatin kakarsa, don abin da Burke ke cewa a riƙe ke nan.

Bayan shi sai littafin Russell Kirk na 1953, wanda ya bi salsalar ra'ayin tun daga Burke. Yana da nauyi, a bar shi sai ya gama jarrabawa.

Ga siyasar gida kuma akwai biyu da suka fito a 1993: na Matthew Hassan Kukah, Bishop na Sakkwato a yanzu, kan addini da siyasa da mulki a Arewa, da na Yusufu Turaki kan abin da mulkin Turawa ya bar mana. Nan zai ga yadda gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautu, da dalilin da ya sa ƙananan ƙabilu suka kai kukansu gaban kwamitin Willink a 1957 da 1958. Ba lallai ya yarda da duk abin da suka faɗa ba, ni ma ina da inda muka saɓa.

Uwar Zumunta, Malumfashi:
'Yar'uwa, dubu 40 ba za ta sayi duk waɗannan ba, kada malamai su ruɗa ki. Ki sayi biyu. Sauran kuɗin ki ba shi na mota ya kai kakarsa ƙauye, ya zauna da tsofaffin ikilisiya ya ɗauki muryarsu a waya. Namu da suka san farkon abin suna ta tafiya, bara kaɗai mun binne uku.

Ɗalibin tauhidi, Jos:
Mama, ki sa a duba kantin Challenge a Jos ko na ACTS a Bukuru. Na Burke tsoho ne ƙwarai, yana nan kyauta a intanet, kada ki kashe ko sisi a kansa. In kuɗi ya ragu a ƙara masa na Byang Kato, mutumin Kwoi, wanda ya fito a 1975, shekarar da ya rasu. Shi ma mai riƙo da Littafi ne sosai, amma daga cikinmu yake magana.

Maman Yara, Kaduna:
Na gode, Ubangiji ya saka muku. Baba Fasto, na karanta wa surukata maganar Gimi, sai ta ajiye tsintsiya ta ce tana yarinya ta ji sunan a bakin mahaifinta. Na rubuta Crampton da Kukah a takarda na ba ƙanena mai zuwa Jos ranar Laraba. Na kira yaron na tambaye shi ko ya san Burke, ya ce ya sha ganin sunan amma bai taɓa karanta shi ba, wai zai sauke a wayarsa yau da dare. Maganar Zabura ban gaya masa ba tukuna, kakarsa ta ce a bar mata, ita ta san yadda za ta yi da maigidanta. Saura abu ɗaya: a cikinku wa ya san mai ɗinkin littafi a Kaduna, wanda zai gyara bangon nan ba tare da ya taɓa shafin farko ba?