Ƙauye ko birni: wa ya fi saurin mutuwa a jihar Kentaki?

Baban Ilham: Salamu alaikum jama'a. Ga wata magana da na san wasu ba za su yarda ba. A jihar Kentaki ta Amurka mutumin ƙauye ya fi mutumin birni saurin mutuwa, kuma tazarar ƙaruwa take yi. Jihar gunduma 120 gare ta. A 2017 cibiyar IHME ta Jami'ar Washington ta fitar da tsawon ran mutane gunduma-gunduma, daga 1980 zuwa 2014. Kusan ko'ina a ƙasar rai ya ƙaru. Amma cikin gundumomi 10 da ya fi raguwa, 8 na gabashin Kentaki ne, can cikin duwatsun Afalashiya: Owsley, Lee, Leslie, Breathitt, Clay, Powell, Estill da Perry. A Owsley, jaririn da aka haifa a 2014 ana sa ran zai yi kimanin shekara 70, wato ƙasa da na 1980 da sama da shekara 2. Ɗa bai kai ubansa daɗewa ba ke nan, a ƙasar da ta fi kowa kashe kuɗi kan lafiya.

Malam Audu Direba: Wa alaikumus salam. Baban Ilham, ni fa na sha bi ta wuraren nan da tirela. Iska mai kyau, itatuwa ko ta ina, mutum na zaune bakin ƙofarsa ba mai damunsa. Ka kunna labarai kuwa ka ji Louisville, birnin da ya fi girma a jihar, harbi yau harbi gobe. A 2020 da 2021 kisan kai a garin ya kai inda bai taɓa kaiwa ba. Ta yaya za ka ce mini ƙauye ya fi kisa?

Baban Ilham: Harbin gaskiya ne Malam Audu, amma shi ake nunawa a talabijin. Wanda zuciyarsa ta tsaya yana ɗan shekara 55 a Clay ba mai kai kyamara gidansa. Ciwon zuciya da cutar kansa su ne suke kwashe mutane da dubbai, bindiga ba ta kama ƙafarsu ba.

Malamin Lissafi: Ku dakata. Ina da ja kan alƙaluman kansu. Ƙauyukan nan tsofaffi ne suka cika su, samari sun tafi birnin Lexington da jihar Ohayo neman aiki. Inda tsofaffi suka yi yawa dole a yi ta jana'iza, ko da kowa lafiyarsa ƙalau. Sannan Owsley mutum wajen 4,000 ne kacal, gundumar Jefferson kuwa, inda Louisville take, ta haura 780,000. A wurin da mutane ba su da yawa, mota ɗaya ta kife da mutum biyar sai ka ga lissafin shekarar ya yi tsalle. Kada mu gina hukunci a kan abin da ke hawa da sauka.

Baban Ilham: Malam, an riga an cire maganar tsufa. Shi lissafin tsawon rai ba ruwansa da yawan tsofaffin gari, ana duba yadda ake mutuwa ne a kowane rukunin shekaru, ɗan 40 da ɗan 40, ɗan 60 da ɗan 60. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka a Amurka ma haka take yi. A nata lissafin na ƙasa baki ɗaya, bayan an daidaita shekaru, mace-macen karkara sun fi na birni da kashi 7 cikin 100 a 1999. A 2019 sun fi da kashi 20. Kuma wannan kafin korona ne. Maganar ƙarancin mutane da gunduma ɗaya ce a shekara ɗaya da na karɓa. Amma takwas ne, yanki ɗaya, shekara 34.

Malamin Lissafi: Na janye ta tsufa. Ta hijira kuwa ina nan a kanta. Wanda ke barin ƙauye galibi mai ƙarfi ne, mai takardar makaranta. Wanda ya rage shi ne mai ciwon baya, mai karɓar kuɗin naƙasa, wanda ba shi da halin tashi. To ka ga ba lallai ƙauyen ne ya kashe shi ba, tacewa aka yi aka bar marasa lafiya. Ga kuma wata tambaya: wanda aka ɗauko daga Perry ya cika a babban asibitin Lexington, wa ake rubuta wa mutuwarsa?

Anti Nas: Perry ake rubuta wa, Malam. Takardar shaidar mutuwa tana ɗauke da inda mutum ya rasu da inda yake zaune, kuma da mazauninsa ake lissafin. Da ba haka ba da Lexington ta fi ko'ina mace-mace, don nan ake kawo masu tsananin ciwo.

Ni aikin jinya nake yi a jihar, bari in faɗa muku abin da ido ke gani. Za a kawo maka namiji bai kai 60 ba, robar iska a hanci, matarsa na biye tana jan ɗan tulun iskar a kan taya. Daga gado zuwa banɗaki sai ya tsaya ya dafa bango ya huta. Ka tambayi aikinsa, ya ce ramin kwal, tun yana saurayi. Cutar baƙin huhu ke nan. An ɗauka ta kusa ƙarewa, sai a 2016 aka ba da rahoton mutum 60 masu mafi munin nau'inta a ɗakin shan magani guda ɗaya tak a gundumar Pike. Binciken hukumar NIOSH mai kula da lafiyar ma'aikata na 2018 ya nuna a tsakiyar Afalashiya, cikin mahaƙa biyar da suka yi shekara 25 ko fiye a rami, ɗaya na da cutar. Dalili kuwa, kwal mai kauri ya ƙare, saura siririn da ke maƙale cikin dutse, inji yana yanka dutsen tare da shi, ƙurar dutsen kuwa ta fi ta kwal cin huhu. Wannan mutumin ba tace shi aka yi ba Malam. Da ƙarfinsa ya shiga ramin.

Malam Audu, iskar da ka shaƙa a kan hanya ba ita ya shaƙa ba.

Alhaji Babba: 'Ya'yana, ina jin ku. Amma rai na Allah ne. Wanda kwanansa ya ƙare, ko a gadon asibitin Louisville yake sai ya tafi.

Hajiya Maman Yara: Haka ne Alhaji, ba mai ja da ajali. Amma an umarce mu da neman magani, kuma idan sababi ɗaya yana ta maimaita kansa a gari ɗaya, duba shi wajibi ne a kan masu iko.

Alhaji Babba: Wannan kam gaskiya ne Hajiya. Ku ci gaba.

Malam Audu Direba: To na ji ta kwal. Amma Anti, ki faɗi gaskiya, mutanen nan suna zuƙar taba. Duk gidan man da na tsaya sai na ga mutum da kwali a aljihun riga da ƙaton kofin lemon kwalba. Ga ƙwaya. Wannan ai su suka jawo wa kansu, ba ƙauye ba.

Anti Nas: Suna sha, ban musa ba. Kentaki jihar noman taba ce tun kaka da kakanni, kuma ta daɗe tana sahun gaba a Amurka wajen kansar huhu, gabashinta ya fi tsanani. Amma ƙwaya ba daga daji suka tsinto ta ba. Likita ne ya rubuta. Kamfanin Purdue Pharma ya fito da OxyContin, maganin rage raɗaɗi mai ƙarfi, a 1996, aka yi ta tallarsa ga likitoci ana cewa bai cika kama mutum ba. Ina za ka sami masu ciwon baya da gwiwa kamar garin mahaƙa da masu saran itace? A 2007 kamfanin ya amsa laifi a kotun tarayya kan yaudara wajen tallan, a 2015 kuma ya biya Kentaki dala miliyan 24 don a kashe ƙarar da jihar ta shigar. Mutum ya je neman sauƙin ciwo ya dawo da jaraba, sai ka ce shi ya jawo?

Ɗan Yamma: Ku ba ni dama, don ni a yammacin Louisville nake zaune, kuma tun ɗazu ake cewa "birni" kamar abu ɗaya ne. Rahoton ma'aikatar lafiya ta garin nan ya nuna tsakanin wasu unguwannin yamma, inda baƙaƙen fata suka fi yawa, da unguwannin gabas na masu hali, bambancin tsawon rai ya haura shekara 10. Gunduma ɗaya, magajin gari ɗaya. Idan aka haɗa mu da su aka raba, sai Jefferson ta fito tsaf a takarda. Unguwannin nan su ne waɗanda tun shekarun 1930 aka ja musu jan layi a taswira, banki ba ya ba da bashin gida a cikinsu. Ga masana'antun sinadarai na Rubbertown a gefenmu. Ita ƙwayar ma, tunda fentanil, wani maganin raɗaɗi mai tsananin ƙarfi, ya shigo labari ya canja: daga 2016 yawan masu mutuwa da ƙwaya a biranen Amurka, gwargwadon yawan jama'a, ya zarce na karkara. Saboda haka ni a wurina, Baban Ilham, ba ƙauye da birni ba ne. Mai shi da marar shi ne. Dubi Oldham, gonakin dawaki ne da filaye a bayan Louisville, amma tana cikin gundumomin da suka fi lafiya a jihar, don masu kuɗi ne a ciki.

Malamin Lissafi: Wannan ita ce maganar da ta fi kama hankalina tun da aka fara.

Baban Ilham: Ɗan'uwa, rabin maganarka na karɓa hannu biyu. Talauci ne gindin abin, a Owsley da yammacin Louisville duka. Amma Oldham a lissafin hukuma cikin yankin birnin Louisville take, don mutanenta can suke aiki, can suke ganin likita. Kuma akwai abin da talakan ƙauye ke ɗauka wanda kai ba ka ɗauka, shi ne nisa. Allah ya kiyaye, in haɗari ya same ka, mintoci ne tsakaninka da asibitin Jami'ar Louisville. Manyan cibiyoyin kula da mummunan rauni masu daraja ta ɗaya na jihar a Louisville da Lexington suke. Daga garin Hazard na gundumar Perry zuwa Lexington kuwa kusan awa biyu ne a mota, in ba jirgi mai saukar ungulu aka samu ba. Shanyewar ɓarin jiki da bugun zuciya ba sa jiran awa biyu. Talaka biyu, ciwo ɗaya, ɗaya ya isa ɗaya bai isa ba.

Ɗan Yamma: Asibiti kusa yana ceton wanda ya faɗi. Bai hana maƙwabcina kamuwa da ciwon suga da hawan jini yana ɗan shekara 40 ba, a unguwar da sai ka hau bas kafin ka ga kantin da ke sayar da ɗanyen ganye.

Malamin Lissafi: Ga abin da zai gwada maganar. A 2014 Gwamna Steve Beshear ya faɗaɗa Medicaid, inshorar lafiya ta gwamnati don masu ƙaramin ƙarfi. Marasa inshora a jihar suka sauko daga kusan kashi 14 cikin 100 a 2013 zuwa kashi 6 a 2015, kuma gabas na cikin inda aka fi amfana. In rashin zuwa asibiti ne matsalar, me ya sa tazarar ba ta rufe ba?

Anti Nas: Don katin inshora ba ya fitar da ƙurar shekara 30 daga huhu, kuma ba ya kawo likitan zuciya garin da babu shi. Amma ya yi aiki. Gwajin kansar hanji ya ƙaru sosai bayan faɗaɗawar, ana kama ta da wuri. Irin wannan sai an yi shekaru kafin ya bayyana a lissafin mutuwa. A daidai lokacin kuma ayyukan kwal na gabas suka ragu da fiye da rabi, fentanil ya shigo, korona ta biyo, ga ambaliyar Yulin 2022 da ta kashe sama da mutum 40 a yankin. Ana ɗinke nan, can na yagewa.

Hajiya Maman Yara: Ni abin da ya hana ni yarda cewa dole ƙauye ya zama haka shi ne tarihin yankin kansa. A 1925 Mary Breckinridge ta kafa aikin ungozomomi masu horon jinya a gundumar Leslie, wannan dai Leslie da ke cikin takwas ɗin Baban Ilham. A kan doki suke bi gida-gida, suna ƙetare rafi, kayan aiki a jakar sirdi. Mutuwar mata wajen haihuwa a hannunsu ta yi ƙasa da ta ƙasar baki ɗaya a wancan zamani. Duwatsun nan dai su ne, talaucin ma ya fi na yanzu. Kuma a da can birni ne ya fi kisa, da taifod da kwalara, sai da aka gyara ruwa. Louisville ta fara tace ruwan shanta a 1909. Abin da ya sa nake bin maganar nan da zuciya ɗaya, mu ma a gida haka take: binciken lafiya na Nijeriya na 2018 ya nuna cikin yara 1,000, a karkara 157 ke rasuwa kafin shekara 5, a birni 92.

Malam Audu Direba: To Baban Ilham, na yarda mutanen duwatsun nan suna tafiya da wuri, ban san abin ya kai haka ba. Amma ƙauyen yammacin jihar, wajen masu noman masara da waken suya, ai ba rami a can. Kada a yi musu kuɗin goro.

Baban Ilham: Ba a yi ba. Gabas ce ta fi muni nesa ba kusa ba. Sai dai tazarar kashi 20 ɗin nan ta ƙasa ce baki ɗaya, har da jihohin da ba su taɓa haƙar kwal ba, don haka nisa da ƙarancin likita suna da nasu kason.

Ɗan Yamma: Ni dai ina nan kan bakana. Muddin gunduma-gunduma za a riƙa lissafi, Owsley za ta fito a taswira da ja, mu kuwa mutum dubbai a yammacin Louisville mu ɓace cikin Jefferson. Kuɗin tallafi kuma taswirar yake bi. A lissafa unguwa-unguwa, sannan mu dawo mu ga wa ya fi wani gajeren kwana.