FT8 da RTL-SDR: ina jin ƙara amma allon WSJT-X fayau, ina matsalar take?

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum manyanmu. Kayan da ke hannu: RTL-SDR V3 (ƙaramar na'urar kama rediyo da ake sokawa a kwamfuta), tsohuwar kwamfutar cinya mai Windows 10, manhajar SDR# (mai sarrafa na'urar) da WSJT-X (mai fassara sautin FT8 zuwa rubutu), da waya mita 7 a matsayin eriya da aka ja daga taga zuwa bishiyar darbejiya. Tashoshin FM suna shigowa tar. Amma a 14.074 MHz, inda ake FT8 (tsarin musayar gajerun saƙonnin rubutu ta rediyo), sai shuuu kawai, ko layi ɗaya bai fito ba. Gidan sola ne da inbata, a cikin garin Katsina. Saurare kawai nake so, ba aikawa ba. Ta ina zan fara?

Injiniya na Daura:
Wa alaikumus salam ƙanena. Tunda FM na shigowa, direban na'urar ya zauna daidai, kada ka sake taɓa Zadig, manhajar da ake sa direban da ita. Abin da ya faru shi ne V3 ba ta sauka ƙasa da kusan 24 MHz ta hanyarta ta yau da kullum. Tsayar da SDR#, shiga wurin saiti, ka mayar da yanayin ɗaukar sigina zuwa Q branch. Daga nan madannin ƙara ƙarfi zai daina aiki, haka abin yake, ba lalacewa ba ce.

Sai ka zaɓi yanayin saurare na USB a SDR# (ba ramin USB na kwamfuta ake nufi ba), ba AM ba, faɗin 3000 Hz, lamba 14.074.000 cif. Kashe duk wani mai tace hayaniya, domin yana ɗaukar sautin FT8 a matsayin datti ya share shi. Sanya VB-Cable, manhajar da ke kai sauti daga wata manhaja zuwa wata: SDR# ya tura sauti zuwa CABLE Input, WSJT-X ya karɓa daga CABLE Output. Nan mutane da yawa ke tuntuɓe, sai ka tarar WSJT-X makirufon kwamfutar yake saurare. Ma'aunin sauti da ke gefen hagu na ƙasa a WSJT-X ya tsaya wajen 30 dB lokacin da ba sigina.

Yanzu ga babbar magana, agogo. FT8, wanda Joe Taylor da Steve Franke suka fitar a 2017, yana tafiya ne daƙiƙa 15 bayan daƙiƙa 15, kuma duk duniya tare ake farawa. Saƙon kansa daƙiƙa 12.64 yake ci. In agogon kwamfutarka ya kauce da daƙiƙa biyu ko uku, za ka ga layuka suna gangarowa a allo amma ba rubutu ko ɗaya. Tsohuwar kwamfuta mai mataccen batirin agogo ta fi kowa wannan ciwon. Buɗe time.is ka ga bambancin, ka daidaita, sannan ka sa manhajar daidaita agogo ta Meinberg NTP ta riƙa gyarawa da kanta. Idan rubutu ya fara fitowa, duba layin DT mai nuna bambancin lokaci, ya zama kusa da sifili.

Baban Walida:
Duk abin da Injiniya ya faɗa haka yake, amma ni na fi zargin inbata. Ya ce shuuu yake ji, bai ce yana jin ƙananan usur ba. Da sigina na isowa da ya ji su a kunne ko agogo bai daidaita ba.

Gwajin ba ya cin ko kwabo. Cire cajar kwamfutar ta zauna kan batirinta, kashe inbata da na'urar cajin sola gaba ɗaya, ka kalli inda layin ƙasan hayaniyar ya tsaya a allon SDR#. Sannan ka kunna kaya ɗaya bayan ɗaya: inbata, ƙwayayen LED, cajar waya. Wanda ya ɗaga layin, shi ne mai laifi. Maganinsa zoben ferrite FT240-31, a naɗa kebul ɗin eriya sau 8 zuwa 10 a jikinsa dab da na'urar, wani kuma a wayar caja.

Ita kuma wayar mita 7 ɗin nan, a bar ta. Yi eriya mai hannu biyu: ana samun tsawonta ne in ka raba 143 da lambar MHz, a nan 14.074, ka sami mita 10.16, wato kowane hannu mita 5 da santimita 8. Wayar wuta ta 1.5mm ta isa. Hannu ɗaya a zaren tsakiyar kebul, ɗayan a ragar da ke kewaye da shi, guntun bututun PVC a tsakiya da kuma ƙarshen kowane hannu. Kebul ɗin dish, RG6, ya wadatar don saurare. Ɗaga ta mita 5 ko fiye, nesa da kwanon rufi da wayoyin sola.

Injiniya na Daura:
Gaskiyarka Alhaji, ban kula da wannan ba. Ƙari ɗaya game da yanayinmu: iskar hunturu mai ƙura tana tara caji a doguwar waya har ta kashe na'ura. A haɗa resista mai 1 megaohm tsakanin hannayen biyu, a kai ragar kebul ɗin ga sandar ƙarfe da aka kafa a ƙasa. Da damina kuwa, da hadari ya haɗo a zare kebul ɗin a fitar da shi waje, resista ba ta tare aradu.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Allah ya saka da alheri. Wurin da WSJT-X ke neman lambar kira (sunan tasha) da lambar wuri (mai nuna inda kake a taswira) fa, me zan sa?

Baban Walida:
Yana fassara saƙo ko ba lambar kira. Kada ka ƙirƙiri mai farawa da 5N, wannan ta masu lasisi ce a Najeriya, kamar yadda 5U take ta Nijar. Aikawa ba lasisi laifi ne, kuma V3 ma ba ta aikawa. Lambar wuri kuwa, Daura JK43 ce. Katsina tana bakin layin digiri 13, don haka yawancin gari JK32 ne, in ka nausa arewa kaɗan ka shiga JK33. Duba GPS na wayarka ka tabbatar. Fara da 14.074 daga la'asar zuwa bayan magariba, in dare ya yi ka koma 7.074 MHz.