Don Gately da allurar da ya ƙi: jarumta ce ko taurin kai?

Sadiya: Na gama Infinite Jest na David Foster Wallace, littafin ƙagaggen labarin nan na 1996 mai shafi sama da 1,000. Don Gately ne ya tsaya mini a rai, tsohon ɓarawo kuma ɗan ƙwaya da ya daina, yana aiki a Ennet House, gidan masu neman rabuwa da shaye-shaye a yankin Boston. An harbe shi a kafaɗa garin kare mutanen gidan, yana kwance a asibiti amma ya ƙi yarda da allurar Demerol, mai kashe raɗaɗi amma mai bugarwa. Ni dai ban ga jarumta a nan ba. Majinyaci ne ya ƙi magani.

Malam Bashir: A'a Sadiya, ba magani ya ƙi ba. Ana ba shi Toradol, wanda ba ya bugarwa. Demerol ɗin nan ita ce ta cinye masa rayuwa tun farko, wanda maciji ya sara kuwa ko tsumma ya gani sai ya gudu. Ki tuna ga bututu a maƙogwaronsa, ko "a'a" ba ya iya furtawa, yana ta fargabar kada a tsira masa ita bai sani ba.

Anti Rabi: Malam, ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ina bayan Sadiya. Allurar da likita ya auna, ya sa ido a kai, ba komawa ruwa ba ce. Azabar da aka bari ba magani tana hana barci, tana jinkirta warkewa. Tsorona kada yaron da ya bar kodin ko tiramol ya karanta ya ɗauka haka ake yi.

Malam Bashir: Gaskiyarki ce, Anti, amma littafin bai ce kowa ya yi haka ba. Ko dattijon da ke jagorantarsa a AA, ƙungiyar masu taimakon juna wajen barin shaye-shaye, da ya zo dubiya, bai ce masa karɓa ko kar ka karɓa ba, ya bar masa zaɓi. Abin da ya kama ni shi ne yadda Gately ke jure raɗaɗin daƙiƙa ɗaya bayan ɗaya, ba ya barin zuciyarsa ta hango na gobe. Da haka ya bar ƙwayar ma.

Sadiya: To me ya sa Wallace ya rufe littafin da tunanin wata mummunar buguwa da Gately ya yi a baya, bai nuna mana ya tashi daga gadon ba? Da ya tabbata zaɓin daidai ne, ai da ya nuna.

Anti Rabi: Wannan kam ban zarge shi ba, ƙanwata. Wanda ya daina shaye-shaye, babu ranar da ake sallamarsa a ce ya gama.