Muhawara: Daytona da aka yanke wa rufi, Spider ce ko kwaikwayo?

Dillali: Jama'a, ga maganar da nake so mu warware. Ferrari 365 GTB/4, wadda ake kira Daytona, in gwanin bodi ya yanke mata rufi ya sa na tamfol, a wurina ta zama Spider, wato samfurinta mai buɗaɗɗen sama da kamfanin Ferrari ya fitar da kansa. Injin ɗaya ne: V12 mai lita 4.4, kafireta shida na Weber, akwatin giya biyar a baya. Me ya rage?

Mai Walda: Oga, abin da ya rage da yawa. Rufin nan yana taimakawa wajen riƙe gaban motar da bayanta. Ka cire shi ba ka ƙara wa shasi ƙarfe ba, sai ta riƙa murɗewa a kan gargada. Alamar farko a ƙofa take: tazararta ta karkace, mariƙi ya daina kamawa sai an buga. Sannan dashbod da gilashin gaba su kama rawa. Spider ɗin da Scaglietti, mai yi wa Ferrari bodi, ya ƙera a Modena tun farko aka ƙarfafa su, har bangon cikin madigad, da yake na faiba a mai rufi, ƙarfe ne a tasu.

Dillali: To ai duk wannan ana iya yi. A ƙara ƙarfen, a buga sabon bayan mota da murfin but.

Mai Walda: Ana yi, wasu ma aikin ya yi kyau ƙwarai. Amma sa maganaɗisu a cikin madigad ka gani, galibi nan ake yin ƙwauron aiki.

Malamin Takardu: Ku dakata, Alhaji. Ko da an yi komai daidai, lambar shasi ba ta canzawa. Spider na kamfani ba su wuce 122 ba, tun daga wadda aka nuna a Frankfurt a 1969, alhali masu rufi sun haura 1,200. Kundin kamfanin Ferrari da ke Maranello ya rubuta kowace lamba da jikin da ta fito da shi, kuma da shi sashen Ferrari Classiche ke duba mota kafin ya ba ta takardar shaida.

Dillali: Wato takarda ake saye ke nan, ba mota ba?

Malamin Takardu: Duka biyun. Shi ya sa ta asali ke ninka yankakkiya kuɗi, har wasu masu yankakkun suka koma suna biyan a mayar musu da rufin.

Mai Walda: Mayarwar ma wani aikin ne, don sai an samo gilashin baya da ginshiƙansa.