Me ya kamata in sani kafin in nemi tsohuwar bindigar hannu ta soja?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a nan Damagaram, kuma na daɗe ina sha'awar tarihin makamai, tun daga igwar da maƙeran Sarki Tanimun suka ƙera har zuwa bindigogin da sojojin Faransa suka shigo da su a 1899. Ina karantawa cewa a Amurka da Turai akan sayar wa masu tara kayan tarihi ƙananan bindigogin da rundunoni suka daina aiki da su, shi ya sa nake son in mallaki ɗaya ta hanyar da doka ta yarda. Ina roƙon manyanmu masana su yi mini bayanin ire-irensu da abin da ake dubawa, tun kuɗina ba su bar aljihuna ba.

Tsohon Soja:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka yi kyan kai da ka fara da tambaya. Waɗanda suka shafi tarihinmu galibi ƙirar Faransa ne. Akwai libarba samfurin 1892, wadda aka ƙera a Saint-Étienne, mai cin harsashi shida na milimita 8, kuma ana gane ta da cewa gidan harsashinta ta ɓangaren dama yake buɗewa, saɓanin yawancin ƴan'uwanta. Akwai MAB samfurin D, ƙirar garin Bayonne tun 1933, mai harsashi na milimita 7.65, sai kuma MAC 50 wadda rundunar Faransa ta ɗauka a 1950, mai cin harsashi tara na milimita 9, kuma a ganina ita ce mafi ƙarko a cikinsu. Ta ɓangaren Tarayyar Sobiyet akwai Tokarev TT-33 da Makarov, amma ka sani cewa Tokarev ta asali ba ta da makullin tsaro irin wanda ake turawa da yatsa, don haka ba ta dace da hannun wanda bai sami horo ba.

Abin da masu sha'awa suke mantawa shi ne harsashi. Samfurin 1935 na Faransa, alal misali, yana cin wani dogon harsashi na 7.65 wanda samunsa ke da wuya ko a Turai. Sannan tsofaffin harsasan soja da yawa suna barin wani gishiri a cikin bututu bayan harbi, wanda yake jawo laima ya haifar da tsatsa, ta yadda za ka ga bindiga tana sheƙi a waje alhali cikinta ya ciwu. Dole ne ƙwararre ya duba bututun, ya duba ko ƙarfen ya tsage, ya kuma tabbatar lambar da ke jikin sassanta iri ɗaya ce.

Malama Hadiza:
Baba ya yi bayani mai gamsarwa, amma ɗan'uwa, ina jin tsoron kada labarin Amurka ya ruɗe ka. A can kamfanoni masu lasisi ne suke sayo waɗannan makamai daga gwamnatoci, su buga musu hatimin shigo da kaya, su sayar da takardu. A Nijar kuwa mallakar bindiga sai da izinin ma'aikatar cikin gida, kuma makaman yaƙi hurumin jami'an tsaro ne. Tun faɗuwar gwamnatin Gaddafi a 2011 makamai suka kwararo daga Libiya, saboda haka duk wanda ya kawo maka bindigar soja a ɓoye yana cewa tsohuwa ce, mai yiwuwa ta sata ce ko kuma an taɓa zubar da jini da ita, kuma wanda aka kama ta a hannunsa shi ne zai amsa tambaya. Tsufanta ba zai wanke ka a gaban alƙali ba. Tun 1994 ƙasarmu take da hukumar CNCCAI mai tattara haramtattun makamai, wanda ke nuna cewa matsalar ba ta yau ba ce.

Ɗan Birni:
Na gode, Baba, na gode, Malama. To, idan tarihin kawai nake so, ba harbi ba, ta ina zan fara?

Tsohon Soja:
Ka je komisariya ko wurin jandarma ka bayyana musu niyyarka, ka tambaye su ko doka ta ba farar hula damar ajiye irin wadda kake so, ko da an toshe bututunta ta daina harbi. Kada ka ba kowa kafin alƙalami sai amsarsu ta zo maka a rubuce.