Na samu aikin lodi a filin jirgi, me zan tarar?

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum. Allah Ya sa na samu aiki da wani kamfani mai yi wa jirage hidima a filin jirgin Malam Aminu Kano, ran Litinin zan fara horo. An ce ɓangaren lodi za a kai ni, ni kuwa burina in zama mutumin nan mai sanduna biyu da ke tsayawa gaban jirgi yana nuna masa wurin fakin. Sannan Hajiyarmu ta tayar da hankali, wai an ce mata injin jirgi na zuƙe mutum. Don Allah waɗanda suka san aikin, gaskiya ne?

Baban Ummi:
Wa alaikumus salam, ƙanena, Allah Ya sanya albarka. Hajiya ba ta yi ƙarya ba. Injin Boeing 737 a ƙasa-ƙasa yake, ko ba a taka shi ba, in ka matso bakinsa kamar mita 3 zai iya jan ka. Ta baya kuma iskarsa na kifar da keken kaya. Amma akwai doka: jar wutar nan mai walƙiya a sama da ƙasan jirgi, muddin tana ci, ba ka tsallaka layi. Sai injin ya mutu, wutar ta ɗauke, an sa wa tayoyi waigi, an ɗaga maka babban yatsa, sannan ka matso.

A satina na biyu na taɓa yin gaggawa. Jirgi ya tsaya, na ga kamar shi ke nan, na ɗauki robar nan mai tsini da ake kafawa don alama zan ajiye gaban inji. Ban ankara ba sai na ji an finciko ni ta wuyan riga har maɓalli ya tsinke. Ogana ne. Bai ce min uffan ba, ko ya faɗa ma ba zan ji ba don ƙara, yatsa kawai ya nuna min sama. Wutar na nan tana walƙiya. Abin dariyar, bayan jirgin ya huce sai ya sa ni durƙusawa in nemo maɓallin, don ko ƙusa ɗaya inji ya haɗiye, ɓarnar miliyoyi ce. Har yau in ina tafiya, ko a kasuwar Kwari ne, idona na ƙasa.

Maganar sanda kuwa, ba a ba sabon zuwa. Sai ka haddace alamomin, kuma iri ɗaya ne duk duniya, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ce ta tsara su. In ka haɗa sandunan a saman kai suka gitta juna, tsaya ke nan, a Kano ko a Jidda. Matuƙi ba ya ganin tayarsa ta gaba, da hannunka yake gani.

Maman Sadik:
Ni a ofishin lissafin nauyi nake. Ɗan Kurna, kada ka raina lodi. In takarda ta ce jaka kaza a ramin kaya na gaban jirgi, kaza a na baya, haka za a yi, don da wannan lissafin matuƙi ke saita jirgi kafin ya tashi. In an canza ko kaɗan, a faɗa mana. Ba ma cizo.

Na Gidan Sarkin Barci:
Kowa na maganar inji, ba wanda ya gaya masa zafin watan Afrilu a kan kwalta, takalmi kamar zai narke. Ga hazon hunturu, jirgin ƙarfe 9 na safe ya sauka bayan la'asar, ku kuwa kuna zaune. Lokacin dawowar alhazai kuma, sai ka rantse duwatsun Makka suka zubo a jaka. Cikin ramin 737 ba a miƙewa, a durƙushe za ka yi ta jera su.

Ɗan Kurna:
Na gode ƙwarai. Yaya Baban Ummi, kenan in ce wa Hajiya ta kwantar da hankalinta?

Baban Ummi:
Ka ce mata ta ci gaba da addu'a, labarin maɓallin nan kuma bar shi tsakaninmu. Ni abin da ya ci ni ba inji ba ne, kunne ne. Na riƙa cire abin toshe kunne saboda gumi, yanzu na hagu sai an ɗaga murya. Kada ka cire naka. Ka nemi abin ɗaure gwiwa kafin Litinin, ka zo da gorar ruwa babba, kuma aljihun da za ka sa biro ya zama mai zif.