Wai modul na yin barci?

Ɗan Aji Uku: Jama'a ku yi mana alƙalanci. Malaminmu ya zabtare min maki don na rubuta cewa modul ɗin kanel a Linux (guntun manhajar da ake ɗora wa kanel, wato zuciyar tsarin) yana shiga barci. Wannan ba zalunci ba ne?

Injiniya: Ba a zalunce ka ba, ƙanena. Modul ba shi da PID, wato lambar da ake ba kowane firoses (manhajar da ke gudana), mai rabon lokaci na kanel bai ma san da zamansa ba. R (gudana) da S (barci) da D (barcin da ba a katsewa) da kake gani a umarnin ps na firoses ne. Ko wajen loda shi, a cikin insmod, umarnin da ke loda shi, yake gudana, in an tsaya jira insmod ne ya kwanta.

Mai Gyaran Waya: Wane irin barci kuma? Abin da ke D ko kill -9, umarnin kashe firoses da ƙarfi, ba ya tashinsa. Suma ce wannan.

Injiniya: Barci ne, sigina ce kawai ba ya amsawa har faifan ya ba shi abin da yake jira.

Mai Gyaran Waya: To wanda aka girgiza bai motsa ba, a garinku barci ake ce masa?

Hajiya Sudo: Yaron fa yana da ɗan gaskiya. Modul na iya buɗe zarensa (aiki mai gudana da kansa a cikin kanel) da kthread_run, zaren ya samu PID a ƙarƙashin kthreadd, uban zarurrukan kanel, ya yi barci ya farka. Inda babu halin kwanciya shi ne cikin mai karɓar katsewa, wato ɓangaren da ke amsa kiran gaggawa daga na'ura. Gwada a can ka ga saƙon kuskure "scheduling while atomic".

Injiniya: Zaren ne ya yi barci, Hajiya, ba modul ba.

Na Windows: Ku dai da wahalar da kai. Tun 1992 Farfesa Tanenbaum ya faɗa wa Torvalds, wanda ya ƙirƙiri Linux, cewa tsarin kanel ɗinsa tsohon yayi ne.

Hajiya Sudo: Wayar da ka turo wannan da ita, kanel ɗin wa ke cikinta?

Na Windows: iPhone ce.

Mai Gyaran Waya: Wadda ka kawo min da fasasshen gilashi? Tecno na gani.

Na Windows: Ta ƙanwata ce, malam, ka kama kanka.

Ɗan Aji Uku: Makina fa?

Admin: Ya isa haka. Abin da aka tsayar: Injiniya ne da gaskiya, kamar kullum. Hajiya ma a ƙarshe maganarsa ta maimaita. Zancen suma ba shi da tushe. Na Windows, ka sake kawo mana talla in cire ka.

Hajiya Sudo: Yaushe na maimaita? Don dai ajinku ɗaya da shi.